Shanunka Nawa, Baba Manzo?

Akwai wata matashiya a Gure, sunanta Mardiya. Ta yi karatun ordinatar, wato kwamfuta, a Yamai, ta ƙi aikin buro, wato ofis, ta tattaro ta dawo gida. Ita da abokin karatunta Zubair suka kafa ɗan kamfani, suka sa masa suna Mashaya. Aikinsu shi ne tura wa makiyaya saƙon murya ta salula: wace rijiya ce ke da ruwa, yaya kasuwar bisashe ta ci, yaushe mai allurar rigakafi zai iso.

To, kafin a turo wa mutum mai allura, sai ya faɗi inda ya sauka da yawan bisashensa. Ku kuwa kun san makiyayi. Ka tambaye shi shanunsa nawa, sai ya kalli gefe ya ce alhamdulillahi. Ga tsoron bakin mutane, ga ɓarayi masu bindiga da suka yi yawa a daji. Shekara biyu Mardiya ta yi tana bin mashekari daga Alakoss zuwa Gidigir, tana yi musu alkawarin cewa abin da suka faɗa amana ne, ba mai ji. Da ƙyar da jiɓin goshi mutum ɗari huɗu suka yarda.

Ana nan sai ɗan abin hannunsu ya ƙare. In jari bai shigo ba kafin damina, Mashaya ta mutu ke nan.

Mardiya ta rubuta wa masu zuba jari na ƙasashen waje har ta gaji. Da sun ga sunan Nijar sai su ce ƙasar ana yaƙi, su yi haƙuri. Ta yi ta bayanin cewa Gure na nan lafiya, ana cin kasuwa, ana noman rani a kwari, amma wa zai saurare ta? Wanda ke Turai, duk inda aka yi harbi a ƙasar nan, a ƙofar gidanka aka yi shi.

Mace ɗaya ce ta amsa, wata Baturiya da suke ce wa Madam. Ta ce aikin ya burge ta, amma hukumar ƙasarta ta hana su zuwa Nijar, kuma an sha damfarar ta da kamfanonin da ba su da kowa sai takarda. Don haka a tura mata sunayen makiyayan, da lambobinsu, da inda suka sauka, da yawan bisashen kowa. In ta tabbatar, za ta zuba jari.

Zubair kuwa har ya jawo ordinatar zai tura.

"Madam ba ɓarauniyar shanu ba ce," in ji shi. "Me za ta yi da garken wani a Turai?"

Mardiya ta ce ita ma ba ta zargin Madam. Amma takarda in ta bar hannunka, ba ka san hannu nawa za ta bi ba. In ta faɗa wurin masu bindiga, an ba su taswirar dukiyar mutane ke nan, har da inda suke kwana. Ta rubuta wa Madam cewa za ta iya ba ta jimilla, amma suna da wuri, a'a. Ta tura.

Shiru. Kwana tara ba amsa. Ko rezo, wato layin sadarwa, ya ɗauke na minti biyar sai Mardiya ta fita tsakar gida tana ɗaga salula sama. Zubair ya daina zuwa aiki, ya koma rumfar mai shayi yana ba kowa labarin yadda taurin kan Mardiya ya kori arziki. Bakinsa ba ya riƙe magana, sai ga zance ya kai kasuwar bisashe.

Ranar kasuwa da hantsi, Mardiya ta ji hayaniya a ƙofa. Ta leƙa, ta ga makiyaya sun fi arba'in, rawuna da sanduna, ba mai fara'a. A gabansu Baba Manzo na Alakoss, dattijon da ya fi kowa ba ta wahala kafin ya yarda. Ta ce a ranta shi ke nan, sun zo su janye sunayensu.

Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Kin ba su?"

"Ban ba su ba, Baba."

Sai ya ce ta kira Madam, tunda mutane take son gani, ga su sun zo.

Sau uku kiran yana yankewa. A na huɗu fuskar Madam ta fito, da tafintanta, wani Bahaushe mazaunin can. Mardiya ta zagaya da salula, mutum bayan mutum, kowa ya faɗi abin da Mashaya ta yi masa. Da aka zo kan Baba Manzo, Madam ta sa a tambaye shi shanunsa nawa.

"Alhamdulillahi," in ji shi.

Tafinta ya yi murmushi ya sake tambaya. Baba Manzo ya gyara rawani ya matso da fuskarsa.

"Ka gaya mata, shekara talatin ina tare da matata, ba ta san yawansu ba. Yarinyar nan ta sani. Kun nuna mata kuɗi, tana cikin yunwa, ta ƙi gaya muku. Da ta faɗa, da yau ba kowa a ƙofar nan, da ba abin da za ku zuba wa jari."

Tafinta ya fassara. Madam ta ce a turo takardun yarjejeniya, kuma a rubuta a ciki cewa sunayen makiyaya ba za su bar Gure ba, ko ita ce ta nema. Mardiya ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka a gaban mutane.

Darasi: Kada matsi ya sa ka sayar da sirrin waɗanda suka yarda da kai, domin yardarsu ita ce abin da mai kuɗin ke nema ya saya, ko bai sani ba. Ku tura wa matasanmu masu neman jari, ko wani zai tsaya ya yi tunani kafin ya danna "tura".