Madubin Idon Inna Habsatu

Seydou matuƙin babbar mota ne a Agadas. Sau ɗaya a wata yake ɗaukar buhunan gero da shinkafa zuwa Bilma, ya dawo da gishiri da dabino. Mutum ne mai kirki, ba ya iya cewa a'a, shi ya sa duk mai saƙo shi yake nema. Sai dai Allah ya yi shi da gaggawa. Abu in ya shiga hannunsa, a wurinsa an gama ke nan, ko da bai kai ga mai shi ba.

Da saƙonni suka yi masa yawa har ya fara kai maganin wani gidan wani, matarsa Kadidia, wadda malama ce a lekol, wato makarantar boko, ta sayo masa kaye, wato littafin rubutu, mai baƙin bango, da alƙalamin bik. Ta zaunar da shi bayan la'asar kamar ɗalibinta.

"Kowane aiki layi guda," in ji ta. "Ka sa sunan mai shi. Da safe ka duba, abin da ya rage ka kwafe shi a sabon shafi. In ka gama aiki, ka ja masa layi."

"Shi ke nan? Wannan ai ko rago ya iya."

"Saura ɗaya, Malam. Kada ka soke komi sai ya isa hannun mai shi."

"Na ji, malama," ya ce yana dariya, hankalinsa tuni yana kan sabon bik ɗin.

Gaskiya kayen ya yi masa rana. Amma abin da ya fi burge Seydou a cikinsa shi ne jan layin nan. In ya soke aiki sai ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka. Da yamma yakan buɗe wa Kadidia shafi fes, duk a soke, yana jiran yabo. Ita kuma takan yaba, don ba ta san yadda ake sokewar ba.

A Bilma akwai wata tsohuwa, Inna Habsatu, wadda ta saba ba shi ruwa da dabino tun yana sabon matuƙi. Idonta ya yi rauni, mutum in ya tsaya gabanta sai dai ta ga duhunsa. A tafiyarsa ta wannan wata ta kama hannunsa, ta danƙa masa takardar da likita ya rubuta mata.

"Ɗana, madubin ido aka ce in sa, kuma sai Agadas ake samu. 'Yata Nafi za ta zo daga Damagaram watan gobe da jaririnta. Sati uku kaɗai za ta yi. Jikana na fari ne, ina so in ga fuskarsa."

"Inna, ki ɗauka kin gan shi," in ji Seydou. Nan take ya rubuta: Madubin Inna Habsatu.

Da ya dawo Agadas bai yi wasa ba. Ya kai takardar, bayan kwana biyar ya karɓo madubin a cikin 'yar jakarsa. Yana fitowa daga shagon, daɗi ya cika shi, ya zaro bik ya ja wa layin tsaf. Ya jefa madubin cikin akwatin gaban mota, ƙarƙashin takardu da tsumma, ya shiga wata hidimar. Da gari ya waye ya zo kwafe ayyukan da suka rage, bai ga sunan Inna a ciki ba, domin ai an soke. Haka sunan ya tsaya a tsohon shafi.

Ya isa Bilma a makare saboda taya biyu da suka fashe a hanya, ga ayarin motoci na shirin juyawa. Ya buɗe kaye ya bi saƙonni ɗaya bayan ɗaya, ya raba duk wanda ya gani a rubuce. Ya duba shafin sau biyu, babu saura. Ya yi lodin gishiri ya kama hanya, zuciyarsa fari ƙal. Gidan Inna yana can bayan gonakin dabino, bai bi ta wurin ba.

Sai da ya kwana huɗu a Agadas, yana neman takardar mota a akwatin nan, hannunsa ya taɓo 'yar jakar. Ya buɗe ta, sai ga madubin Inna. Da ya koma gida ya ajiye madubin gaban Kadidia, ya buɗe mata tsohon shafin. Ta dubi layin da aka soke, ta dube shi. Ba ta yi faɗa ba.

"Ba wata mota kafin taka?" ta tambaya.

"Na zagaya tasha kaf. Sai ayarin wata mai zuwa."

Watan nan ya yi wa Seydou tsawo ƙwarai. Ranar da ya sake isa Bilma bai tsaya sauke kaya ba, ya nufi gidan da ƙafa. Ya tarar da Inna a kan tabarma ita kaɗai, gidan tsit.

"Seydou ne? Na gane takunka. Lafiya dai? Da ba ka zo ba na yi ta yi maka addu'a, na ce ko hanya ce ta riƙe ka."

Ya durƙusa. Ya so ya laƙa wa hanyar laifi, tunda ita da kanta ta ba shi mafita, amma ya kasa.

"Inna, na zo wancan watan. Madubinki yana cikin motata. Mantawa na yi."

Ta lalubo kansa ta dafa.

"Kwana ashirin na yi da jaririn a cinyata," ta ce a hankali. "Na san nauyinsa, na san kukansa. Fuskar ce dai ban samu ba. Tashi, ɗana, ba da gangan ka yi ba. Sa mini abin in gani."

Ya sa mata. Ta ƙyafta ido, ta dubi bangon gidanta, ta dubi tafin hannunta. Sai ta ce ya ɗaga matashin kai da ke gefenta, Nafi ta bar mata hoto. Ya miƙa mata. Ta riƙe shi kusa da fuska, ta daɗe tana kallo, hawaye suna taruwa a bayan madubin.

"Ashe hancin kakansa marigayi Malam ya ɗauko," in ji ta. "Da na sani, da na sumbaci wurin."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, rubuta aiki a kaye abu ne mai kyau, amma kaye abin da ka gaya masa kaɗai yake tuna maka. In ka ce masa ka gama alhali da saura, zai yarda da kai, ya yi shiru a ranar da ka fi bukatar ya yi magana. Duk wanda zai fara tsara ayyukansa a rubuce, ya riƙe haƙuri da gaskiya: kada ya soke aiki don ya ji daɗin ganin shafi a share, sai ya tabbata wanda ke jira ya samu. A bayan kowane layi akwai mutum, kuma wani jiran in lokacinsa ya wuce ba ya dawowa.