Igiyar da Ba Ta Kai Gindin Kuka Ba

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku!

Ta iso, muna saurare.

Ramuka suka yi wa dabbobi kaɗan, sai Zaki ya naɗa Kura mai shara. Ya ce kowane mai rami ya ɗaura igiya a ƙugu, ta kai gindin kuka. Kullum da safe Kura takan bi igiyoyin daga kukar, duk wanda ta tarar ta shafa masa toka a goshi. Wanda ba shi da toka ta cinye shi, a ba wani raminsa.

Ran nan gara ta cinye igiyar Gafiya da ta Kurege. Gafiya ta ce, "Ɗan'uwa, mun shiga uku!"

Kurege sarkin wayo ya ce, "Kwantar da hankalinki. Kawo guntunki mu ƙulla da nawa."

Suka ƙulla. Sai ga Kura tana ɗingishi, tana leƙa goshin kowa. Ta tsaya a kansu, yawu na zuba.

Gafiya ta ce, "Ranki ya daɗe, muna da igiya! Ina riƙe da shi, yana riƙe da ni."

Kura ta ja igiyar, su biyun suka taho. Ta waiga wajen kuka, ko ganye bai motsa ba.

Ta ce, "To, ku biyun wa ke riƙe da ku?"

Ƙurunƙus! Kan Gafiya ya wuce cikin Kura, na Kurege ya bi shi.