Ranar Da Aka Hura Wa Jirgin Kwal Wutar Ƙarshe

Akwai wani dattijo a birnin Greensboro na ƙasar Amurka, Baba Zubair, wanda ɗansa Ma'aruf ya ɗauko daga Kafanchan bayan rasuwar matarsa. Suna zaune a wani gidan haya na sama a bayan titin Wendover, inda in ka leƙa taga ba abin da za ka gani sai motoci da manyan shaguna.

Baba Zubair tsohon ɗan Reluwe ne. Zamanin da jirgin ƙasa ke tafiya da kwal, shi ne fayaman, wato mai tsayawa gefen direba da shebur yana zuba wa wuta kwal.

Shi kuwa Ma'aruf Allah ya buɗa masa, aikin kwamfuta yake yi a wani kamfani. Sai dai jin kai, ba a magana. A masallaci ya riga ya gaya wa kowa cewa mahaifinsa babban injiniya ne a Reluwe. Da zarar Baba ya soma labarin kwal a gaban baƙi, sai ya katse shi: "Baba, shayinka zai huce."

Ku riƙe wannan, jama'a: Ma'aruf ɗan fari ne. Kun san kunyar iyayenmu na da. Baba bai taɓa kiran sunansa ba, "yaron nan" yake cewa, kuma ba ya buɗe baki ya roƙe shi abu kai tsaye. Sai dai ya saki magana a ɗaki, mai hankali ya ɗauka. Ma'aruf ya san haka sarai, a ciki ya tashi.

Wata rana sai ga Malachy ya zo gaisuwa. Shi ma mutumin Kafanchan ne, mahaifinsa ɗan Reluwe, yanzu yana zaune a East Greensboro. Duk Asabar yakan je aikin sa kai a wani ɗan gidan tarihi, a wani ƙaramin gari can bayan birni. Jiragen kwal ne suka kafa garin, yanzu ba abin da ya rage sai tsohon kan jirgi guda ɗaya.

Malachy ya ce, "Baba, masu duba lafiyar injin sun ce tukunyar ta tsufa. Sun yarda a hura mata wuta ranar Asabar, daga nan an rufe ke nan har abada. Kuma duk waɗanda suka yi aikin nan a garin sun mutu. Muna so ka hau ka riƙe shebur, ka yi bayani, mu ɗauki bidiyo mu ajiye wa na baya."

Fuskar tsoho ta washe. Tun da ya zo ƙasar nan ba a taɓa ganin haƙoransa haka ba.

"Ni zan zo in ɗauke ka," in ji Malachy.

Caraf Ma'aruf ya ce, "Haba Oga Malachy! Ina raye, da motata a waje, wani zai ɗauki mahaifina? Ka bar mini."

A ransa kuwa bidiyon yake hange yana yawo a wayoyin mutane, ga ubansa da shebur, baƙin kwal har gwiwar hannu.

Ranar Juma'a, suna cin abinci, Baba ya dubi bango ya ce, "An ce gobe ne za a hura wutar nan."

Wannan fa roƙo ne. A wurin Baba, durƙuso ne ma. Ma'aruf ya ce, "Allah ya sa a yi lafiya," ya ci gaba da danna waya.

Washegari tun bayan asuba Baba ya yi wanka, ya sa farar rigarsa da hula, ya jawo kujera ya zauna kusa da ƙofa. Suwaiba, matar Ma'aruf, ta bi mijinta ɗaki.

"Don Allah dubi Baba, tun ɗazu a shirye yake."

"Ya ce in kai shi? Kin ji da kunnenki?"

"Ka fi kowa sanin ba zai faɗa ba."

"To ni ina da fikinik, liyafar shan iska ta 'yan ofis, oga zai zo. Yanzu zan dawo."

Ya wuce ta gaban tsohon da makulli a hannu. Baba har ya yunƙura zai miƙe. Ƙofa ta rufe.

Da hantsi Malachy ya bugo wa Suwaiba, ta miƙa wa Baba wayar.

"Baba, mutane sun taru. In taho in ɗauke ka? Har yanzu da lokaci."

Baba ya ce, "A'a, ɗana. Yaron nan yana hanya."

Allah sarki! Ya gwammace ya rasa abin da ransa ke so, da a ce a gari ɗansa ya gaza.

Azahar ta wuce, yana nan kan kujera. Da la'asar Malachy ya sake bugowa, ya ɗaga wayar sama don Baba ya ji kukan jirgin na ƙarshe. Tsoho ya manna wayar a kunne, ya rufe ido. Can ya ce a hankali, "Sun danne wutar. Da sun watsa kwal ɗin gefe-gefe."

Ya cire hularsa ya shiga ɗaki. Da Ma'aruf ya dawo yana ƙanshin gasasshen nama, Baba bai ce masa komai ba sai "Sannu da zuwa."

Wallahi wannan sannun ita ta fi ci mini rai a duk labarin nan.

Ba a yi nisa ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba. Ya fito daga asibiti, amma harshe ya tafi. Ido yana gani, kunne yana ji, baki ba ya iya haɗa kalma ko ɗaya.

Sai a lokacin jikin Ma'aruf ya yi sanyi. Ya ɗora shi a keken marasa lafiya, ya kai shi gidan tarihin. Jirgin yana tsaye an kewaye shi da igiya, an yi masa fenti yana ƙyalli, ba wuta ba hayaƙi.

Malachy ya dube su, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Ba komai, za mu ceci abin da ya samu. Ma'aruf, kai ne ɗansa. Zauna kusa da shi, ka faɗa mana abin da ya ba ka labari, in ya so shi ya riƙa gyaɗa kai."

Ya saita kyamara.

"Daga wace tasha zuwa wace tasha yake aiki?"

Ma'aruf ya kawar da kai, ya dubi jirgin.

"To, yaya ake tayar da wutar da safe? Wane ne direbansa? Yana da shekara nawa ya fara?"

Ma'aruf ya juya ya dubi mahaifinsa. Tsoho yana kallonsa, amsoshin duk suna cikinsa, ba hanyar fita. Hawaye ya gangaro masa ta gefen da ya shanye.

Ma'aruf ya durƙusa gaban keken ya ce, "Baba, ban sani ba. Ko ɗaya ban sani ba."

Malachy ya kashe kyamarar.

Darasi: Kada ka ji kunyar sana'ar da aka yi gumi a cikinta aka ciyar da kai. Kuma in iyayenka masu kawaici ne, kada ka fake da "ai bai faɗa ba" alhali ka gane. Tsohon da ke gidanka yana ɗauke da tarihin da babu shi a ko'ina, ka zauna ka saurare shi tun bakinsa yana motsi. Ku tura wa duk wanda Allah ya bar masa uwa ko uba a raye, ko wani zai ajiye waya yau ya je ya zauna da su.