Kura da Warin Baki

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta da kunne biyu.

Kura dai ba ta san asuwaki ba. Nama ya maƙale mata a haƙora ya ruɓe, har warin bakinta kan riga ta isa ko'ina. Kafin ta ƙaraso, dabbobi sun watse. Da yunwa ta ishe ta, sai ta nufi gidan Beguwa mai magani.

"Yaya Beguwa, an yi mini asiri!"

Beguwa ta toshe hanci. "Ja baya tukuna. Ba asiri ba ne, ƙazanta ce. Ki riƙa yin asuwaki safe da yamma, ki sa zare ki zaƙulo abin da ya maƙale tsakanin haƙora."

Kura ta dage har warin ya ɓace. Ran nan ta laɓaɓa, caraf ta cafke ƙafar Gada.

Gada ta ce, "Kai, Inna Kura! Wane irin farin haƙori ne wannan? Buɗe in gani sosai mana."

Daɗi ya kama Kura, ta wangale baki har kunne. Gada ta arce daji.

Haka Kura ta kwana da yunwa, amma sai da ta yi asuwaki.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera ya faɗa rami!