Tabawa da Ruwan Cikin Kuka

A zamanin da, tun ana auna nisan tafiya da yawan salkunan ruwan da matafiyi zai shanye, an yi wani sarki mai suna Mantau. Ƙasarsa tana da yalwa, kasuwarsa tana ci tana batsewa. Sai dai tsakanin birninsa da garuruwan gishiri akwai wani daji da ake kira Shanye-Salka, ba kogi, ba tafki, rijiyar da aka haƙa kuwa sai ta rufta. Fatake suna ratsa shi da dabara da addu'a. Amma labari ya yi ta zuwa fada cewa in ruwa ya ƙare, masu ƙarfi sukan bar raunana a hanya su tsira da ransu.

Abin ya dami Sarki ƙwarai. Ran nan ya tara fadawa ya ce, "A yi shela. Duk wanda ya shiga dajin nan da abokin tafiya, ya baro shi da rai ya fito shi kaɗai, to ransa ne fansa."

Wazirinsa Nomau, wanda suka tashi tare tun suna wanke allo a gaban malami ɗaya, ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Doka ta yi kyau, amma a bar mata ƙofa, don ba kowane mai fitowa shi kaɗai ne maci amana ba."

Sarki ya ce, "Waziri, kai kullum sai ka nema wa magana ƙofa. An gama."

Waziri ya ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Ana nan, ran nan da hantsi, cikin tsananin bazara, sai ga wani ramammen raƙumi ya tsaya a ƙofar birni, da mutum ɗaure a kansa, ba ya motsi. Masu tsaron ƙofa suka sauke shi, suka ga Korau ne, wani dattijo mai ɗan fataucin gishiri da kanwa. Kowa ya san shi a birnin, domin tun da 'ya'yansu suka yi aure suka watse, ba ya tafiya sai da matarsa Tabawa, har 'yan kasuwa suna yi musu ba'a suna cewa tare za a haƙa musu kabari. Ƙafarsa ta kumbura suntum da saran maciji. Aka kira mai magani ya tsaga wurin, ya ɗura masa abin da ya ɗura. Rana ta karkata kaɗan ya buɗe ido, kalmar farko da ta fito bakinsa ita ce, "Ina Tabawa?"

Dogarai suka ɗauke shi a kan tabarma suka kai shi fada.

Sarki ya dube shi ya ce, "Kai da matarka kuka shiga daji?"

Korau ya ce, "Ni da ita, ranka ya daɗe."

"Da ranta ka rabu da ita?"

"Da ranta."

Alƙali ya gyara rawani ya ce, "Zaki, ya amsa da bakinsa. Doka ba ta bar wani abin tambaya ba."

Korau ya yunƙura ya zauna, ya ce, "Ban musa ba, kuma ban roƙi rai ba. Abu ɗaya nake roƙo. A ba ni raƙumi da ruwa in koma in nemo ta. In na dawo da ita, ko da gawarta ce, ga wuyana."

Wani daga cikin fadawa ya ce, "Hanyar gudu yake nema."

Waziri ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya sa aka kira babban mai tsaron ƙofa, ya ce masa, "Yaya kuka kwance shi daga kan raƙumin?"

Ya ce, "Ba mu iya kwancewa ba, ranka ya daɗe, yankewa muka yi. Ƙullin yana ta bayansa, tsakanin kafaɗu."

"Da me aka ɗaure shi?"

"Da zanen mace, an yayyaga shi an tufke. Ga salka kuma rataye a ƙirjinsa, bakinta daidai bakinsa, da sauran ruwa kaɗan a ciki."

Waziri ya juya ga Sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, mun tsufa muna ganin duniya ni da kai. Ka taɓa ganin wanda ya ɗaure kansa ta baya?"

Fushin Sarki ya fara sauka, amma ya ce, "Na ji. Kai Korau, me ya faru?"

Korau ya ce, "Salkarmu babba ce ta huje, ba mu sani ba sai da ta tsiyaye. Na shiga ciyawa neman abin ɗinki, maciji ya sare ni. Raƙumin ya gaji, ba ya iya ɗaukar mutum biyu. Na ce ta hau ta tafi, ta ce in hau in tafi. Muna wannan gardama jiri ya kwashe ni. Abin da na iya tunawa, tana ɗaure ni tana cewa, 'Malam, ka je, kada ka damu da ni. Na sauka gidan kakata mai babban ciki, wadda ba ta rufe ƙofa, ba ta hana baƙo ruwa.' Sai na ji ta daki raƙumin."

Fada ta ɗauki hayaniya. Madugai suka ce ba ko bukka ɗaya a cikin dajin nan. Wani malami ya girgiza kai ya ce, "Kakarta ai ta daɗe da rasuwa. Gidan da ba a rufe ƙofarsa kabari ne. Baiwar Allah ta yi bankwana ke nan." Korau ya rufe fuska da hannun riga, yana zubar da hawaye.

Waziri ya ce, "Malam ya faɗi fassara mai ma'ana, amma kabari ba ya ba baƙo ruwa. Korau, share hawayenka. A inda kuka rabu, akwai itatuwa?"

Ya ce, "Akwai. Kusa da wani tsohon kufai ne, na hango kukoki."

Waziri ya ce, "To, ga kakar nan. Kuka ce. In ta tsufa sai cikinta ya rarake, ruwan damina ya shiga ya kwanta, wani lokaci har rani ya wuce bai ƙafe ba. Ranka ya daɗe, muna nan muna shari'ar mai rai, wata mai rai kuma tana can tana jiranmu."

Sarki ya miƙe tsaye ya ce, "A ɗaura wa raƙuma salkuna. Da ni za a tafi." Aka ce Korau ya zauna ya yi jinya, ya ce sai dai a sake ɗaure shi. Aka kuwa sake ɗaure shi a kan raƙumi, wannan karon da yardarsa.

Suka yi ta tafiya, ba su yada zango ba sai don salla, har suka isa kufai. Korau ya nuna wata ƙatuwar kuka ya ce, "Nan ne." Wani dogari ya hau ya leƙa kogonta, ya zura sanda, sandar ta fito da busasshen ganye. Ba ruwa, ba Tabawa.

Sarki ya dubi Waziri. Waziri ya sauka ya zagaya itacen a hankali. Can ya ce, "Ku zo ku gani." An ɓare ɓawon kukar a wani gefe, an ƙwaƙulo farin naman ciki mai laushi, ga tuƙarsa nan a ƙasa kamar ta rake. Ya ce, "Ta tauna wannan ta tsotse danshinsa. Bai kashe ƙishi ba, amma ya riƙe rai." Gaba kaɗan suka ga tinya, itacen nan mai guba, an sare ta, farin ruwanta mai kama da nono ya daskare a jikinta, ba a taɓa ba. Waziri ya yi murmushi ya ce, "Hankalinta yana jikinta. Wanda ƙishi ya ruɗa shi ne ke shan wannan."

Suka bi sawunta zuwa gindin wani rimi da ya saura tun zamanin mutanen kufan. An tone ƙasa an ciro saiwa mai kauri, an yanka ta gunduwa-gunduwa, an jingina a cikin ƙoƙo, bakin yankan yana ƙasa. A gindin ƙoƙon akwai ruwa garau, kamar cikin tafin hannu. Korau ya ɗauki ƙoƙon ya rungume, ya ce, "Nata ne. Ni na saya mata."

Suna tsaye sai suka ji wata siririyar murya tana waƙar daka. Suka zagaya bayan wani rusasshen garu, sai ga Tabawa a inuwar wata kuka, ta rame, leɓunanta sun tsattsage, tana zaune tana tufkar igiya da ɓawon itacen.

Korau bai jira raƙumi ya gama durƙusawa ba, ya zamo ya rarrafa wajenta. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Malam, ina hularka? Cikin wannan rana ka fito kai ba hula?"

Ya ce, "Tabawa, ashe kina da rai."

Ta ce, "To da fa? Miƙo ƙafar in gani." Ta kama ƙafar tana dubawa, hawayen da ba ta da ruwan zubarwa suka tsaya mata a ido. Sarki ya kau da kai yana gyara rawaninsa, ya daɗe yana gyarawa.

Aka ba ta ruwa kaɗan-kaɗan, aka dama mata fura. Da ta sami ƙarfi ta gane wanda ke tsaye, ta yunƙura za ta durƙusa. Sarki ya ce, "Zauna, Inna. Yau mu ne baƙinki. Yaya kika yi?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, mahaifina mai shan zuma ne, tun ina ƙarama nake bin sa daji. Da na hau kukar farko na tarar ta bushe, sai da gabana ya faɗi. Da asuba na yi ta shafa mayafina a kan ganyaye ina matse raɓa a baki. Da rana na tauna cikin kuka. Saiwar rimi ta ɗiga mini abin jiƙa maƙogwaro. Mahaifina yakan ce, ruwan itace in ya fito fari ko ya yi ɗaci, ki ba shi baya, in ya fito garau, ki ɗanɗana kaɗan ki jira ki ji abin da cikinki zai ce. Ina nan sai na ga ƙudan zuma suna ta shiga wani rami can sama a wannan kukar, suna fita, ba kuwa saƙar zuma a wurin. Na ce waɗannan ba gida suka zo ba, sha suka zo yi. Na kafa turaku na hau, na zura kara mai rami, sai na ji sanyi a harshena. Na tace da mayafi na sha, na gode wa Allah."

Korau ya ce, "Tsaya. Wato lokacin da kika ce mini kin sauka gidan kakarki, ba ki san ko da ruwa a ciki ba?"

Ta ce, "Ban sani ba."

"Ashe yaudarata kika yi!"

"Da na gaya maka gaskiya, za ka tafi?"

Ya ce, "Ba zan tafi ba."

Ta ce, "To, ka gani."

Waziri ya yi dariya har ya dafa itace. Sa'an nan ya natsu ya ce, "Ranka ya daɗe, shari'a tana nan ba a yanke ba. Wa ya baro wani?"

Tabawa ta ce, "Wace shari'a?" Da aka gaya mata dokar, sai ta matsa ta tare gaban mijinta ta ce, "Ni na kore shi. In akwai laifi nawa ne."

Korau ya ce, "Kada a saurare ta, ni na fito ni kaɗai."

Sarki ya ce, "Ku yi shiru ku duka, kada ku sake gardamar da ta kusa kashe ku." Ya zauna a kan saiwar kukar, fadawa suka kewaye shi, ya ce, "Na yi doka don in hukunta marasa amana, saura kaɗan ta ci mafi amanar mutanen ƙasata. Korau ba shi da laifi, Tabawa ba ta da laifi. Daga yau, duk wanda ya fito dajin nan shi kaɗai, a fara tura mahaya da ruwa su nemo na baya, shari'a ta biyo daga baya, a ji ta bakin kowa. Ba wanda zai sare kuka ko rimi a kan wannan hanya. Kuma ba ayarin da zai tashi sai madugunsa ya zauna gaban Tabawa ya koyi abin da ta sani. Inna, roƙi abin da kike so."

Ta yi tunani ta ce, "Ranka ya daɗe, na kusa shanye ruwan ramin nan, ga ƙudan zuma, ga kuma wanda zai zo bayana. In da hali, a mayar."

Sarki ya tuɓe alkyabbarsa ya miƙa wa Waziri. Fadawa suka ce, "Zaki, a bar dogarai su hau." Ya ce, "Inda tsohuwa ta hau da ƙishi, Sarki zai hau da ƙoshi." Ya rataya salkarsa, ya taka turakun ɗaya bayan ɗaya, Waziri yana ƙasa yana cewa, "A hankali, Mantau, a hankali," ya manta da sarauta don tsoro. Sarki ya kwance bakin salka ya juye, kowa yana jin ƙarar ruwa yana sauka cikin itace. Bayansa dogarai suka hau, da fadawa, har ramin ya cika ya tumbatsa, ruwa ya gangaro ta jikin kukar.

Tun daga ranar, ayarin da ya ratsa ta nan da ragowar ruwa sai ya zuba, wanda ya zo da ƙishi ya sha. Korau da Tabawa kuwa suka koma gida, suka ƙarasa tsufansu suna gardama a kan wanda ya fi wani taurin kai. Iyakar abin da ya iso kunnenmu ke nan, Allah shi ne masanin sauran.