Mai-Toka da Gidan 'Ya'yanta a Kan Tsamiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku masu kunnen ƙashi.

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

Ke Uwale, ajiye takalmin nan! Me 'yar halittar nan ta yi miki da za ki make ta? Don tana zagaya fitila? Zauna ki ji abin da ya kawo ta.

Wata tsohuwa ce, Inna Tasalla, mai kaɗin zare. Tana da ɗan lambu a bayan ɗakinta, da kabewa da yakuwa da kuɓewa, ga wata tsamiya a tsakiya. In damina ta sauka, sai malam-buɗe-littafi su cika wurin, masu ruwan ɗorawa, da farare, da masu ɗigon ja. Tsohuwa ta zauna bakin danga tana nuna su ɗaya-ɗaya. Ba ta da ɗa, ba ta da jika, su ne 'yan hirarta.

Akwai kuma 'yar'uwarsu ta dare, ba ta da ado, launinta kamar toka, shi ya sa ake ce mata Mai-Toka. Kowace damina 'ya'yanta sukan saƙa gida guda kamar jaka a jikin tsamiyar, su shige su kwanta har fukafukansu su fito. Tsakaninta da Tasalla akwai alkawari: ba a taɓa gidan sai yaran sun tashi. Sannan tsohuwa ta sauke shi ba kowa ciki, ta dafa da ruwan toka, ta kaɗa zaren tsamiya da ake yi wa manyan riguna aiki da shi.

Ana nan, sai aka aiko wa Tasalla ƙanwarta ta rasu a wani gari. Ta rasa wanda za ta bar wa lambu. Wa za ta gani? Gizo! Ta ba kura ajiyar nama, wallahi har yau abin yana ba ni haushi.

Ta ce, "Gizo, kwana bakwai zan yi. Ka ci kuɓewa, ka ci yakuwa, amma gidan can kada ka taɓa. Da rai a ciki."

Gizo ya ce, "Haba Inna! Ni? Ko kallonsa ba zan yi ba."

Alhali tuni ya ƙyalla ido. So yake ya yi babbar riga mai aikin tsamiya, a gan shi a kasuwa a ce ranka ya daɗe.

Mai-Toka barci take da rana, don haka 'yan'uwanta na rana suke yi mata gadi. Washegari Gizo ya zo da doguwar gora. Mai ruwan ɗorawa ta ce, "Gizo, ina zuwa da gora?"

Ya ce, "Tsamiyar kunu zan kaɗo."

Ta ce, "Tsamiya da damina? Ko fure ba ta gama ba."

Gizo ya yi dariya, ya ce, "Wasa nake. Kai, an ce duk lambun nan ba mai kyanki." Sai ya soma waƙar nan da kuke yi musu: "Malam, buɗe mana littafi, malam, buɗe mana littafi!" Kanta ya kumbura, ta sauka kan ganye, ta baje fukafukai. Caraf! Ya kifa mata ƙwarya.

Kashegari fara ce a bakin gadi. Ta ce, "Ina zuwa da gora?" Ya ce zuma zai ɗebo. Ta ce ba amya a nan. Ya yi mata waƙa, ta baje fukafukai. Caraf!

Rana ta uku mai ɗigon ja ce. Ita har ta ce, "Ina 'yan'uwana biyu?" Ya ce, "Sun tafi biki, sun ce ke ba ki kai a gayyace ki ba." Ta ce, "Ni? Dubi nan!" Ta buɗe tun bai yi waƙar ba. Caraf!

Da magariba Mai-Toka ta farka, ta ga ba mai gadi. Ta manne a jikin gidan, ta ce, "Gizo, don Allah, kwana biyu ya rage. Ina jin motsinsu. Su fita, ka ɗauki gidan, na yafe maka."

Gizo ya ce, "Kwana biyu? Kasuwa jibi ce!"

Ta ce, "To sai dai ka haɗa da ni."

Gizo ya je can ƙarshen lambu ya kunna fitilar aci-balbal. Kun dai san irinsu da haske, ba sa iya daurewa. Ta rufe ido, ta buɗe. Ta ce, "Ba zan je ba." Ta ƙara cewa, "Ba zan je ba." A na uku sai ta ji ta a sama. Ta ce zagaye ɗaya za ta yi ta dawo. Tana zagayawa, tana jin ƙarar gora. Tana zagayawa, tana jin 'ya'yanta suna kiran "Inna! Inna!" daga cikin tukunyar da Gizo ya jefa gidan. Kafin ta ƙwace kanta, fukafukanta sun babbake, kiran kuma ya yi shiru.

Ku bar ni in share idona. Duk sanda na zo nan sai ya kawo ruwa.

Shi kuwa Gizo, ashe bai iya kaɗi ba. Ya ja nan ya cukurkuɗe, ya ja can ya naɗe masa ƙafa. Haushi ya sa ya haɗiye zaren duka don kada Tasalla ta gani. Shi ya sa har gobe zare yake fita daga cikinsa, yana ta saƙa, amma ko 'yar shara bai taɓa ɗinkawa ba.

Tasalla ta dawo ta tarar da lambu tsit. Ta ɗaga ƙwarya uku, ta ga masu gadin nan duk sun mutu. Ta sami Mai-Toka a gindin tsamiya tana jan jiki, ta ɗauke ta a tafin hannu, ta ce, "Ki yafe mini, ni na ba shi amana."

Mai-Toka ta ce, "Ni ce na tafi wurin wuta, Inna. Suna kirana ina ji."

Daga wannan damina ba a sake saƙa gida a tsamiyar ba. Tasalla ta rataye mazarinta. Kullum takan zauna bakin danga tana duban ganye ko za ta ga fiffike ɗaya, har Allah ya karɓi abinsa.

To kun ji. Kada ku ba makwaɗaici amana, kuma in an sa ku gadi, kada yabo ko ƙyalƙyali ya ɗauke muku ido. Ita kuwa wannan da kuke gani, jikar Mai-Toka ce. Duk inda aka kunna wuta sai ta zo ta zagaya, tana tambaya ko nan ne aka kai yaran. Uwale, rage fitilar nan, ki bar ta ta wuce.

Ƙurunƙus kan kusu. Ba don Gizo ba da na yi ƙarya, shi ma yau ba na son jin sunansa.