Kakar da Walida Ta Zana

Akwai wani malamin jami'a mai suna Dakta Munzali da ke zaune a unguwar Taman Melati, cikin birnin Kuala Lumpur, shi da matarsa Khaulah da 'yarsu ɗaya. Karatu ne ya kai shi Malesiya, da ya gama aka riƙe shi koyarwa. Rabonsa da gida shekara shida.

Sunan yarinyar A'isha, sunan mahaifiyarsa, shi ya sa ake ce mata Walida. A can aka haife ta, shekararta takwas. Tana jin Hausa, amma da Turanci take amsawa, wani lokacin ta haɗa da yaren 'ya'yan maƙwabta.

Munzali mutum ne mai riƙe iyalinsa, ba ya wasa da salla, ba ya wasa da aiki. Abu ɗaya ne ya yi masa katutu a zuciya: ba ya son a san shi ɗan ƙauye ne. In aka tambaye shi garinsu, sai ya ce Kano, ya tsaya a nan. Alhali a wani ƙauye bayan Ɗambatta aka haife shi, inda mahaifiyarsa Inna Indo take zaune har lokacin.

Duk sanda Inna ta yi kiran bidiyo, sai ya tashi ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Yakan ce wa Khaulah hayaniyar falo ce ke hana shi ji. Gaskiyar ita ce ba ya son 'yarsa ta ga katangar laka da awaki suna gilmawa, kuma ba ya son a ji Inna tana tambayarsa yaushe zai zo.

Da watan Oktoba ya kama, manyan kantunan unguwar Bukit Bintang suka cika da kabewar roba da jajayen ganyayen takarda. Lokacin Halowin ne, bikin da yaran Turawa ke shigar dodanni suna karɓar alewa. A garin da ganye ba ya bushewa, kullum ruwa ake yi da yamma, an ƙirƙiro lokacin zubar ganye a cikin shaguna.

Makarantar su Walida ma ta shiga. Aka ce kowane yaro ya zana abin da danginsa ke yi a wannan lokaci na shekara, ya rubuta bayani a ƙasa. Ranar Juma'a kuma mai so ya zo da shigar da ya ga dama.

Suna cin abinci Walida ta kawo maganar. Ta ce tana son baƙar hula mai tsini irin ta ƙawarta. Munzali ya ajiye cokali, ya ce ba al'adarsu ba ce, ba addininsu ba ne, kada ya sake jin zancen. Yarinyar ta tambaya a hankali, to su me suke yi a wannan lokacin, don ta rubuta.

Ya ce, "Mu ba mu da irin wannan. Ci abincinki."

Khaulah ta dube shi.

Bayan kwana biyu, ya dawo daga aiki da la'asar, Khaulah ta miƙa masa wata takarda da ta gani a jakar makarantar Walida. Zane ne na wata tsohuwa farar fata mai tabarau, tsaye a gaban gidan katako, ganye ja yana zuba a kanta. A ƙasa an rubuta da Turanci cewa wannan kakarta ce, tana zaune a Kanada, kuma duk shekara suna zuwa wajenta su fafe kabewa.

Munzali ya karanta sau biyu. Ya kira Walida ya tambaye ta wace ce wannan. Ta ce kakar ƙawarta ce, ta ara. Ya tambaye ta me ya sa za ta yi ƙarya alhali tana da tata kakar, wadda ma sunanta take amsawa.

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta dube shi ta ce, "Abba, kai ka ce mu ba mu da komai. Kuma ban san fuskarta ba. In ta kira, rufe ƙofa kake yi."

Ya ajiye takardar. Ya sallame ta.

Khaulah ta zauna kusa da shi. Ta ce ita ma ba ta son Walida ta sa hular nan, amma yaro ba ya zama hannu wofi. Duk abin da aka ƙwace masa, in ba a ba shi wani ba, zai ɗauko na maƙwabta. Ta ce shekara goma da aurensu ba ta taɓa jin kunyar ƙauyensu ba, shi kaɗai ke ɗauke da wannan kayan.

Ya fita baranda ya tsaya. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, jirgin ƙasa na wucewa ta saman unguwar. Ya tuna irin wannan lokaci a gida. Damman gero jere a ƙofar gida, gyaɗa a shanye, kabewa kwance a kan rufin rumbu. Ya tuna Inna tana sussuka tun safe, da kuɗin gyaɗarta ya fara zuwa makarantar kwana. Wannan matar ce 'yarsa ta musanya da baƙuwa, kuma shi ya ba ta dalili.

Washegari da yamma, lokacin hantsi ne a Najeriya, ya kira wayar yayarsa Raudatu ta bidiyo, ya ce ta kai wa Inna. A falo ya zauna, ya ɗora Walida a gefensa.

Fuskar Inna ta bayyana, ta matso sosai har goshinta kaɗai ake gani. Da Raudatu ta gyara mata riƙon wayar, ta ga yarinyar, sai ta ƙura mata ido. Sannan ta ce, "Auta, wannan ce takwarata? Haka ta girma?"

Walida ta ɓuya a bayan kafaɗar ubanta. Ya raɗa mata abin da za ta ce, ta gaishe ta da karyayyiyar Hausa. Inna ta yi dariya har da goge ido.

Munzali ya roƙi Raudatu ta zagaya da wayar. Suka ga tsakar gida, da gyaɗa a kan tabarma, da akuya tana satar harawa, da kabewa manya guda bakwai a jikin danga. Walida ta miƙe tsaye. Ta ce wannan ai ta gaske ce, ba irin ta kanti ba. Ta tambayi ubanta sunan wannan lokacin da Hausa, ya ce kaka. Ta ce, ai ita ma Inna kaka ce. Ya ce e, lafazin ne ya ɗan bambanta.

Sun fi awa ɗaya a waya. Da za su yi sallama, Inna ta ce, "Zan ajiye mata babbar a kan rumbu. Kabewa tana da haƙuri, takan kai wata huɗu. Amma kada ku daɗe, Auta. Ni ban san ko zan kai haƙurinta ba."

A ranar Munzali ya zaunar da Walida, ya yi mata bayanin abin da ya sa ba sa yin Halowin, cikin natsuwa, ya kuma bar ta ta yi tambayoyinta. Ba ta gamsu da komai ba, har yanzu hular tana ba ta sha'awa. Amma ta yage zanen farko da kanta, ta yi sabo.

Ranar Juma'a ta tafi makaranta cikin atamfa da ɗankwali. Khaulah ta samo kabewa a kasuwa ta yi miyar taushe da tuwon shinkafa, ta kai ajin su Walida. Wasu yaran sun ci sun ƙara, wasu sun ɗanɗana sun ce yaji ya yi yawa. Walida ta tsaya gaban aji ta ɗaga zanenta: tsohuwa baƙa, da akuya, da kabewa bakwai. Ta ce sunan kakarta Indo, kuma ita ta shuka su.

A hutun Disamba suka je gida. Sun tarar da kabewar, sun tarar da Inna. Walida ta yi mako uku tana bin ta duk inda ta sa ƙafa, har Hausarta ta fara miƙewa. Munzali kuwa ya riƙa zama a kan tabarma a ƙofar ɗakin mahaifiyarsa, yana ɓare gyaɗa.

Kafin damina ta sake zagayowa, Allah ya yi wa Inna Indo rasuwa. Da labarin ya iso Taman Melati, Walida ce ta fi kowa kuka a gidan, domin yanzu ta san wadda ta rasa.

Darasi: Hana yaro abin da ba naka ba daidai ne, amma hani kaɗai ba ya tarbiyya. In ka ce masa wannan ba namu ba ne, nuna masa namun, kuma kada ka ji kunyar inda ka fito, domin abin da ka ɓoye wa ɗanka zai ɗauka babu shi. Masu iyaye a raye, ku haɗa su da jikokinsu tun ana iya ganin juna. Ku tura wa 'yan uwanmu da ke renon 'ya'ya a ƙasashen waje, wataƙila wani ya ɗauki waya yau.